Filin Tambaya da Amsa: Murjanin da Ba Ya Cin Haske, da Yadda Ake Gane Shi Kafin a Saya

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata ga abu guda, wato murjani mai rai da ake kiwo a akwatin gilashi na ruwan gishiri, musamman irin da ba ya rayuwa da haske. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Daga wani mai karatu a unguwar Zariya, Maradi: Assalamu alaikum. Akwatina na lita 200 ne, ruwan gishiri, da kifi huɗu a ciki. Wani mai kawo kaya ya turo mini hotunan murjani ta WhatsApp, ya rubuta NPS, wato taƙaitaccen sunan Turanci na marar cin haske, a ƙarƙashin kowanne, ya ce ba sa bukatar fitila, saboda haka sun fi sauƙin kiwo. Haka ne? Kuma yaya zan bambanta su?

Wa alaikumus salam, Malam. Batun fitila gaskiya ya faɗa maka. Batun sauƙi kuwa ba haka ba ne.

Murjani dabba ne. Kowane kai da kake gani ƴar jaka ce mai baki ɗaya a tsakiya, yatsu masu harbi sun kewaye bakin. Galibin murjanin da ke ruwa marar zurfi yana ɗauke da ƙwayoyin gansakuka a cikin tsokarsa. Ƙwayoyin nan suna haɗa sukari da hasken rana, su ciyar da mai masaukinsu, kuma su ne ke ba shi launin ƙasa-ƙasa. Irin da aka rubuta maka NPS ba shi da su ko kaɗan. Mazauninsa bakin kogo ne, da ƙarƙashin duwatsu, da jikin jiragen da suka nutse, da ruwa mai zurfi, duk inda igiyar ruwa ke kawo abinci dare da rana. Ba kaɗan ba ne a teku: kusan rabin nau'o'in murjani mai ƙashin dutse haka suke. Jan murjanin Bahar Rum, Corallium rubrum, wanda ake yin tsakiyar ado da ƙashinsa, shi ma ba ya cin haske. A akwati kuwa irin wannan murjani ragon turke ne, abin da ba ka kai masa ba, bai ci ba.

Shi ya sa gane shi ya zama wajibi tun kafin kuɗi su fita. Sunan shi ke gaya maka girman abin da bakin zai iya haɗiya, girman abincin kuma shi ke nuna ko za ka iya ciyar da shi a Maradi.

Ka nemi mai kayan ya sake ɗaukar hoto a farin haske, domin shuɗiyar fitila tana ɓoye launi na gaskiya, tana kuma ɓoye rauni. Ka nemi hoto na kusa lokacin da kawunan suka buɗe, da ƴar rula a gefe, sannan hoton gindi. Idan sun iso, fara da ƙirga yatsun kai guda. In takwas ne cif, kowanne da ƴan gashi gefe da gefe, to murjani mai laushi ne ko mai rassan bulala. In shida ne kawai, gajeru, ba sa komawa ciki, baƙin murjani ne. In suna da yawa, sun haura ashirin, kuma babu gashi a gefensu, to yawanci mai ƙashin dutse ne. Daga nan ka duba ƙashi: ƙoƙo ne na dutse da kai ke zama a ciki, ko sanda ce a tsakiyar reshe, ko babu komai sai tsoka da ke kumbura da ruwa? Sai ka auna faɗin kai, ka duba ko kawunan a haɗe suke ko ɗaya ne tilo. Launi shi ne na ƙarshe, domin shi ya fi yaudara. Amfaninsa guda ne: yatsu masu launin ƙasa yawanci alamar mai cin haske ce, fari tas ko ja ko ruwan lemo ko shuɗi kuwa sun fi yawa a wajen marasa ci.

Daga wani Alhaji a Ali Ɗan Sofo: An nuna mini iri huɗu, duk ruwan lemo ko rawaya, duk masu ƙoƙo, amma kuɗinsu ya sha bamban, har wani ya ninka wani sau da yawa. Ni dai a idona abu ɗaya ne. Ana so a cuce ni ne?

Ranka ya daɗe, mai yiwuwa ne iri huɗun gaskiya ne, mai yiwuwa kuma iri ɗaya ne aka sa wa suna huɗu. Ga yadda za ka raba su.

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne Tubastraea, wanda ake kira murjanin rana saboda siffarsa idan ya buɗe. Dunƙule ne, kawuna da yawa a cunkushe, faɗin kowane ƙoƙo wajen santimita 1, kuma tsoka mai launin lemo ta rufe dutsen da ke tsakanin ƙoƙunan. Da rana a rufe yake, sai bayan magariba yatsun rawaya su fito. Asalinsa tekun Indiya da Fasifik, amma ya bi jiragen ruwa ya kafu a Karibiyan tun shekarun 1940, ya kuma isa gaɓar Barazil a shekarun 1980 a jikin dandamalin haƙar mai, har ya zama annoba a can. Wannan ya isa ya nuna maka juriyarsa. Shi muke ba kowane sabon shiga shawarar ya fara da shi. Yana da ɗan'uwa, Tubastraea micranthus, mai launin kore mai duhu har ya kusa baƙi, wanda ke yin rassa maimakon dunƙule. Wannan ya fi son igiyar ruwa mai ƙarfi, ya fi cin abinci, kuma ya fi saurin lalacewa.

Dendrophyllia danginsu ɗaya, kuma nan ne ruɗani ya fi yawa. Wanda ake sayarwa da wannan suna yawanci kawunansa sun fi girma, ba su da yawa, kowanne a kan ɗan reshensa, kuma yakan zauna a buɗe ko da rana. Sai dai murjanin rana da aka saba wa ciyarwar rana shi ma yakan buɗe, don haka wannan ba hujja ba ce. Hujjar tana cikin ƙashi. Ka nemi ƙoƙo guda da ya mutu a gefen dunƙulen, ka leƙa cikinsa da gilashin ƙara girma. Za ka ga siraran bangaye sun taso daga gefe sun nufi tsakiya. A Tubastraea a miƙe suke, kowanne ya kama gabansa. A Dendrophyllia ƙananan suna lanƙwasa su haɗe biyu-biyu kafin su kai tsakiya, sai cikin ƙoƙon ya ba da zanen tauraro. Masana suna kiran wannan tsarin Pourtalès. In datti ya rufe ƙoƙon, a ɓalle shi, a jiƙa a ruwan wanki mai kilorin na dare guda, a wanke, a shanya. Nesa da akwati ake wannan aiki, kuma ƙoƙon ba ya komawa ciki.

Balanophyllia kai ɗaya ne tilo, ba ya haɗa tsoka da kowa. Ƙoƙonsa sau da yawa ya ɗan yi tsawon ƙwai, bangonsa mai kauri ne mai ƴan ramuka, kuma shi ma yana da zanen tauraron nan. Idan aka kawo maka kai ɗaya da sunan Balanophyllia, juya shi ka ga gindi. Sabon karaya ko shaidar zarto na nufin an yanko shi ne daga dunƙulen Dendrophyllia.

Mai tsadar a cikinsu shi ne Rhizotrochus typus, wanda ba ma danginsu ba ne. Kai ɗaya ne babba, ƙoƙonsa yakan kai santimita 5, bangon siriri ne mai santsi, ya buɗe sama ya tsuke ƙasa. Yatsunsa dogaye ne, ana ganin haske ta cikinsu. Alamar da ba ta ƙarya tana ƙasa: ƴan saiwoyi na dutse masu rami a ciki, da suka sauko daga jikin ƙoƙon suka riƙe abin da yake zaune a kai. In babu saiwoyin nan ko gurbinsu, kada ka biya kuɗin Rhizotrochus. Ko na gaskiyar ne ma ba mu ba ka shawara ba, domin daga ruwa mai zurfi ake ɗebo shi, ya fi son sanyi fiye da sauran, kuma bazarar garin nan ba ta da sassauci.

Akwai na biyar da ya kamata ka sani ko da ba a nuna maka ba. Duncanopsammia, ɗan Ostareliya, dangin murjanin rana ne kuma siffar rassansa kusan ɗaya, amma shi haske yake ci. Faifan bakinsa kore ne ko ƙasa-ƙasa, yana ƙyalli a shuɗiyar fitila, yana buɗe duk yini. Wanda ya ɗauke shi marar cin haske ya cusa shi a kogo zai ga yana koɗewa a hankali.

Daga wata Hajiya a Sabon Gari: Ƴata ta ga wani a hoto mai kama da ƙaramar bishiya, ruwan hoda, jikinsa kamar gilashi, ta nace sai an sayo. Mai kayan ya ce garin abincin kifi ya ishe shi.

Hajiya, a ba yarinya haƙuri. Abin da kika kwatanta Dendronephthya ne, kuma a cikin duk abin da ake sayarwa babu wanda muka fi roƙon mutane su bar shi a teku kamarsa.

Ga yadda za ki tabbatar. Gangar jikinsa tana kumbura da ruwa har a ga haske ta ciki, kuma a cikin fatar ana ganin ƴan allurai farare ko ja a warwatse. Kawunan ƙanana ne ƙwarai, a cure a ƙarshen rassa, kuma kowane kai akwai tsinke mai kaifi da ya zarce shi tsawo. Idan ya saki ruwa ya motse, ƙaya-ƙaya yake a hannu. Ɗan'uwansa Scleronephthya ya fi gajarta, yawanci ruwan lemo ko hoda, ba shi da tsinken nan mai zarcewa, kuma idan ya motse yakan koma ɗan curi a jikin dutse.

Binciken da aka yi a Bahar Maliya aka wallafa a 1995 ya nuna Dendronephthya yana tace ƙwayoyin tsiron ruwa ne, waɗanda girmansu bai wuce ƴan maikiron ba, alhali maikiron dubu ke yin milimita guda. Yana tacewa ne ba dare ba rana, a igiyar ruwa mai tafiya gefe ɗaya ba tsayawa. Garin abincin kifi ya fi ƙarfin bakinsa nesa ba kusa ba. Masu riƙe shi da rai sai sun haɗa ƙaramin firigo da injin ɗiga abinci sa'a bayan sa'a, da tace ruwa mai ƙarfin kwashe ragowar, kuma duk da haka yawancinsu asara suke yi. A akwatin gida abin da ke faruwa sananne ne. Makonnin farko yana kumbura da kyau, mai shi ya yi murna, alhali abin da ya tara a teku yake ci. Sai kumburin ya riƙa raguwa, gindin ya saki dutse, rassa su zube, a wayi gari allurai ne kawai a kan yashi.

In dai siffar bishiyar take so, a nemo mata Capnella ko Nephthea. Launinsu ƙasa-ƙasa ne, ba su da kaifin ƙayar nan, haske suke ci, suna girma har a yanka a ba maƙwabta. In kuma ja ake so daga cikin marasa cin haske, akwai Nephthyigorgia: ja wur, mai kaurin yatsu, jikinsa da tauri da kaushi, kawunansa farare, da dare yake buɗewa. Shi ya fi sauran masu laushin juriya, yana kama jariran Artemia, wato wasu ƙananan jatan lande na ruwan gishiri da ake ƙyanƙyashewa a gida. A rataye shi kai ƙasa a rufin kogo, domin in aka zaunar da shi a yashi datti ke taruwa a jikinsa ya ƙi buɗewa.

Daga wani ɗalibi a Tibiri: Na sami wani mai rassa, rawaya da ɗigo-ɗigo ja, kawunansa farare. Wata biyu ke nan, yanzu gansakuka ta fara rufe rassan, fatar tana zubewa daga sama. Mene ne sunansa, kuma me na yi ba daidai ba?

Ɗana, kwatancenka ya yi daidai da Diodogorgia nodulifera, ɗan tekun Karibiyan. Yana zuwa iri biyu, rawaya mai jajayen ƙuraje da kuma ja baki ɗaya, duka da fararen kawuna masu yatsu takwas. Reshensa ba ya lanƙwasa sosai, karyewa yake, to ka kama shi a hankali. Masu kama da shi su ne Swiftia exserta, mai sirara-siraran rassa ruwan lemo da jajayen kawuna, da Menella daga Indiya da Fasifik, da wani mai shuɗayen kawuna da masu kaya ke sayarwa da sunan Acalycigorgia, wanda kusan ba ya daɗewa a hannun kowa. Masu cin haske a wannan dangi, irin su Eunicea da Plexaurella da Antillogorgia, kawunansu ƙasa-ƙasa ne ko da fatar reshen shunayya ce.

Abu uku ne suka haɗu a kan naka: haske ya yi yawa, ruwa ba ya kaɗa shi yadda ya kamata, kuma yunwa ta raunana fatar. Mayar da shi inuwa, ka tsayar da shi yadda ruwan injin zai ratsa faɗin rassan, da ƙarfin da zai sa kawunan su ɗan karkata ba tare da sun rufe ba. Share gansakukar da buroshi mai laushi a cikin ruwa. Inda fata ta riga ta zube, yanke reshen da almakashi mai kaifi milimita 2 ko 3 a cikin lafiyayyen wuri, domin sandar da ta tsiraita ita ce matattarar gansakuka. Abincinsa ƙanana ne, daga maikiron 50 zuwa 300 ko sama kaɗan, kuma kullum ne, sau biyu ko uku. Ka fara ɗiga kaɗan, ka jira minti goma kawunan su fito, sannan ka zuba sauran ta inda ruwa zai kai masa.

In ka taɓa ganin wani mai sanda ɗaya doguwa a murɗe, ƙirga yatsu. Shida baƙin murjani ne, Cirrhipathes ko Stichopathes, wanda bakinsa ya fi girma kuma ya fi sauƙin ciyarwa. Takwas kuwa Junceella ne ko Ellisella.

Daga wani mai shago a Babbar Kasuwa: An kawo mini wani fari fat da wani rawaya shar, an ce marasa cin haske ne shi ya sa ba su da launin ƙasa.

Malam, a yi hattara. Murjani mai cin haske idan ya sha zafi ko ya daɗe a duhun hanya yakan zubar da ƙwayoyin gansakukarsa, ya koma fari, ana hango ƙashi ta cikin tsoka. Wannan majinyaci ne, magani yake bukata: haske marar ƙarfi, ruwa mai sanyi daidai, da ɗan abinci har launin ya dawo. Akwai kuma mugun halin rina koɗaɗɗen murjani da rawaya ko hoda. Rini yana kama ko'ina bai ɗaya, gindi da baki da yatsu, wani lokaci har ruwan ledar ya ɗauki launi. Siffa za ka bi. In siffar ta mai cin haske ce, mai cin haske ne ko wane launi ya zo da shi.

Wani da ake kawowa da wannan suna, kuma da gaske ba ya cin haske, shi ne mai tauri, shunayya ko hoda, mai rassa a baje, wanda ba ya da ƙoƙo sai ƴan huji da wasu siraran gashi ke fitowa. In bakin rassan a dakushe yake kuma hujin sun jeru a gefe, Distichopora ne. In rassan sirara ne masu tsini, Stylaster ne. Dukansu ba na akwatin gida ba ne.

Daga mai tambaya ta farko, ya ƙara da cewa: In na tsaya a kan murjanin rana, me zan ba shi a nan, nawa, kuma yaya zan yi da zafi da ɗaukewar wuta?

Kowane kai da bakinsa, kuma kowanne ake ba. Abincin da ya fi shi ne ƙananan jatan lande da ake daskarewa, irin su Mysis. In babu, ɗanyen jatan lande ko farin naman kifin teku, a yanka milimita 3 zuwa 5, a ɗauraye. Kifi mai maiƙo yana kashe kumfar na'urar fitar da datti na sa'o'i, busasshen jatan landen miya kuwa hayaƙi da gishiri sun ɓata shi. Kai guda yanka ɗaya ko biyu, sau uku a mako. Sabon zuwa da ya sha yunwa a hanya kullum ake ba shi har ya murmure.

Bayan an kashe fitila, ka kashe injin tura ruwa, ka fesa ɗan ruwan abincin a kansa da sirinji. Cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin yatsu za su leƙo. Sai ka ɗora wa kowanne nasa da hantsaki ko sirinji mai dogon baki. Kifi da jatan landen akwati za su zo fizge abincin har daga cikin baki, su yaga tsoka, saboda haka yanke gindin gorar roba ka kifa a kansa, ka riƙa zuba abincin ta bakin gorar. Bayan minti ashirin ka ɗauke, ka kunna inji, ka kwashe abin da ya zube. Wanda ya ƙi buɗewa kwana da kwanaki, a sa shi a kwano da ruwan akwatin da abinci mai yawa na rabin sa'a, a mayar da shi, a zubar da ruwan kwanon. Lokaci ɗaya kullum, zai saba.

Alamar yunwa ta farko ita ce tsokar da ke tsakanin ƙoƙuna ta yi siriri, farin dutse ya bayyana, gansakuka ta hau. Mai ƙoshi kuwa yakan kumbura ya fi ƙoƙonsa, ya fitar da ƙananan kawuna a gefe, wani lokaci ya saki ƴaƴa, ka ga ƴan ɗigo ruwan lemo sun kafu a jikin duwatsu.

Abincin da ya narke saboda an ɗauke wuta ba a sake daskare shi. Don haka ajiye ƙwan Artemia busasshe, wanda ba ya bukatar ƙanƙara, wuri mai sanyi da bushewa kawai. Ruwa lita 1 a gorar da aka juya kai ƙasa, gishiri giram 25 zuwa 30, ƙwai rabin ƙaramin cokali, injin iska yana hura shi yana kumfa, cikin sa'a 24 sun ƙyanƙyashe a zafin digiri 26 zuwa 28. A tace, a ɗauraye, a bayar a ranar, domin amfaninsu raguwa yake da sa'o'i.

Yawan abinci yawan datti ne. Ga lita 200, canza lita 20 zuwa 30 kowane mako. Gishirin akwati giram 38 zuwa 40 a kowace lita ta ruwan da aka tace da na'urar RO, wadda ke cire gishiri da datti daga ruwa, a bar inji ya juya shi kwana guda, ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025 zuwa 1.026. Naitiret ya zauna ƙasa da miligiram 20 a lita, fosfet ƙasa da 0.1, kalsiyam 400 zuwa 450, alkali 7 zuwa 9 a ma'aunin dKH.

Zafin ruwa digiri 24 zuwa 26 ake so. A Afrilu da Mayu, da garin ke haura 40, wannan ba ya samuwa sai da na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai sanyi. Fanka a kan fuskar ruwa tana sauke digiri 2 zuwa 3 idan iska a bushe take, amma ƙarfinta raguwa yake da damina, kuma tana shanye lita 3 zuwa 5 a yini. Abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri ake cika shi, domin gishirin bai tafi ko'ina ba. Da hunturu kuma sai an sa na'urar ɗumama ruwa saboda sanyin asuba. In wuta ta ɗauke, iskar numfashi ce ke fara ƙarewa, kuma ta fi saurin ƙarewa a ruwa mai ɗumi da aka cika wa abinci. Injin iska mai batir wajibi ne, injin tura ruwa guda kuma ya zauna a kan batirin sola. Ranar da wuta ba ta tsaya ba, a ɗage ciyarwa. A rufe akwati saboda ƙura, kada a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi a ɗakin, kada kuma tagulla ko jan ƙarfe ya taɓa ruwan.

Daga wani mai karatu a Madarunfa: Gishirin Bilma ko na girki ba zai yi ba? Na akwatin tsada gare shi.

Ba zai yi ba, ɗan'uwa. Ruwan teku yana ɗauke da magniziyam da kalsiyam da fotasiyam da salfet a ma'auni sananne, kuma da kalsiyam ɗin murjani ke gina ƙashi. Gishirin girki kusan sinadari ɗaya ne, na Bilma kuma haɗinsa daban ne da na teku. Wurin ƙyanƙyasar Artemia kaɗai gishirin gida marar ayodin ke da amfani.

Daga wata malamar makaranta a Bagalam: Murjanin rana nawa yana cin abinci da kyau, amma kullum sai in tarar kai ɗaya ya zama fanko. Sannan ina so in ƙaro wani daga waje, ko akwai takardu?

Malama, mai ƙoshi da ke rasa kai ɗaya-ɗaya, sauran kuma lafiya lau, cin sa ake yi. Biyu ne sanannun masu wannan ɓarna, kuma tare da shi suke zuwa daga teku. Akwai ƙaramin dodon koɗi rawaya, Epidendrium billeeanum, mai kwanso dogo mai tsini, wanda ke zura baki cikin ƙoƙo ya tsotse tsokar, ya bar ƙwai rawaya a jere a gurbin. Akwai kuma Phestilla melanobrachia, dodon koɗi marar kwanso, wanda bayansa ke cike da ƴan yatsu masu launin abin da ya ci, har ya saje da kawunan. Ki duba da tocila sa'a biyu bayan an kashe fitila, ki ɗaga dunƙulen ki leƙa ƙarƙashinsa da tsakanin ƙoƙuna. Ki cire su da hantsaki, ki kankare ƙwan a kwano daban, ki maimaita duk bayan kwana uku har mako uku, domin ƙwan da ya tsere zai ƙyanƙyashe. Sabon da za ki kawo ya yi wata guda a ƙaramin akwati shi kaɗai kafin ya shiga babba.

Takardu kuwa akwai. Duk murjani mai ƙashin dutse, da baƙin murjani, da dangin Stylaster da Distichopora, suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, ta kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, da aka sa wa hannu a Washinton a 1973, kuma Nijar tana cikinta. Sai da izinin fitarwa daga ƙasar da kayan suka taso, kuma sunan da ke takardar ya dace da abin da ke cikin leda, in ba haka ba duwan na da ikon riƙewa. Ki fara tuntuɓar ofishin kula da namun daji na ma'aikatar muhalli kafin ki biya. Ki lissafa hanya kuma: murjani a leda yana jure kwana ɗaya zuwa biyu in zafi bai taɓa shi ba, daga Yamai zuwa nan kuwa sama da kilomita 600 ne a mota bayan saukar jirgi. A sa kayan su iso tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a cikin akwatin soso mai riƙe sanyi, a ajiye shi cikin motar inda fasinja ke zama, kada a ɗaure shi a saman kaya.